Kejin Takardun Shahata

Ina tsakiyar kogi da fasinjojin safe lokacin da lasifikar masallacin unguwarmu ta yi tari. Duk wanda ya tashi a garinmu Rashid ya san abin da ke biyo bayan wannan tarin idan ba lokacin salla ba ne. Hira ta mutu a cikin jirgin. Wata mata da ke rungume da kwandon ƙwai ta ce, "Allah ya sa tsoho ne." Sai muryar ladan ta biyo ruwa ta same mu: Allah ya yi wa Shahata Abdulmaula mai fotokwafi rasuwa, za a sallace shi bayan azahar.

Ban san na saki sandar tuƙi ba, sai da wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Rayyis Mitwalli, ruwa zai tafi da mu." Rayyis ake ce wa mai jirgi a wurinmu. Na kama, na kai su gaɓa, na ɗaure igiya, na jira kowa ya sauka. Sannan na zauna a bakin jirgin na yi kuka kamar ba dattijo ba.

Matar ta yi gaskiya, tsoho ne. Amma ni ban taɓa ganin tsufansa ba, domin tare muka yi shi.

A layi ɗaya aka haife mu. Shi ya riƙe makaranta, ni na sake ta da wuri na bi mahaifina sana'ar fito. Ya yi akawu a wata masana'antar casar shinkafa har ta rufe, sannan ya sayi tsohon injin fotokwafi, ya buɗe ɗan shago a kwanar asibiti, irin shagon da in mutum biyu suka shiga sai na ukun ya tsaya a waje. Matarsa ta rasu 'yarsu Wafa tana ƙarama, bai sake aure ba. Tsakanin injin nan da tebur ya rene ta, har ta zama ma'aikaciyar jinya, ta yi aure a Iskandariyya.

Akwai ɗabi'ar da duk muka taso da ita, sai dai Shahata ya fi mu riƙo. Ba ya jefa takarda mai sunan Allah a shara. Mu in mun tsinci irinta a ƙasa mukan sumbace ta, mu cusa a tsagar bango, shi ke nan mun sauke nauyi. To mai fotokwafi ina zai samu tsagar bangon da za ta ishe shi? Takardun mutanenmu kusan duk da bisimilla suke farawa. Wadda ba ta da ita kuwa, za ka tarar mai ita Abdul-wani ne, ko ubansa, ko kakansa. Ga shi kwafi kullum sai ya lalace, wani ya fito baƙi ƙirin, wani a karkace, wani inji ya tauna shi.

Lokacin da yake da ido wannan bai dame shi ba. Kafin ya rufe shago yakan zauna ya tace. Marasa sunan ya ba mai gyaɗa na bakin asibiti ya yi ƙunshi da su, masu sunan ya ƙona su a cikin wata tukunyar ƙasa a bayan shago. Ranar Juma'a sai ya miƙo mini tokar a gwangwani, in kai ta can inda kogi ke shiga teku in zuba. Mun yi shekara da shekaru a haka. Yakan ce, "Rayyis, tuƙa a hankali, yau manya ka ɗauko." Ni kuma in ce, "Su kaɗai ne fasinjojina da ba sa gardama."

Sai ciwon suga ya shiga idonsa. A hankali ya shiga, kamar yadda ruwa ke shiga jirgi ta inda ba ka zata ba. Ya fara kai takarda har hancinsa, daga baya ya daina kaiwa. Yana ganin haske, da inuwar mutum a bakin ƙofa, da rubutu in ya kai girman na allon shago. Injin bai gagare shi ba, yatsunsa sun san maɓallansa kamar carbi. Tacewar nan ce ta gagare shi. Kwafin da ke lalacewa ya ƙaru, shi kuma ba ya iya bambanta mai sunan da marar sunan. Tsoron kada ya ba mai gyaɗa abin da bai kamata ba ya sa ya daina fitar da komai.

Tebur ya fara cika. Tsibi ya hau kan tsibi, yana danne su da duwatsun bakin kogi don kada iskar ƙofa ta kwashe. Da na ce bari in taya shi sai ya ce, "Kai da karatunka na rarrafe? Kafin ka gama shafi ɗaya an tashi ƙiyama." Na san ba karatuna ne ya dame shi ba. Ba ya so a ce an taya shi ne.

Ranar da abin ya fashe, Wafa ta zo duba shi, ni ma ina shagon ina shan shayi. Wata tsohuwa, Ummu Ragab, ta manta takardar asibitinta ta asali a kan gilashin inji kwanakin baya, ta koma ƙauyensu. Yanzu ta dawo a rikice, domin likita ya ce ba zai yi mata aiki ba sai ya ga takardar.

"Tana nan, Hajja," in ji Shahata. "Babu takardar da ta taɓa fita daga shagon nan ban sani ba."

"To ba ni, ɗan albarka, layi na wuce ni."

Ya tura hannu cikin tsibin ya zaro wata. Ba ita ba ce. Ya sake zarowa, sai tsibin ya zame gaba ɗaya ya watse a ƙasa, takardu masu sunan Allah a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ya durƙusa yana lalube yana istigfari, tsohuwa ta fara kuka a bakin ƙofa. Wafa ta tuɓe takalmi ta shiga nema. Sai bayan la'asar ta gano ta, manne a bayan wata da shayi ya zube wa. Likita ya riga ya tashi. Aka ɗage wa tsohuwa aikinta.

Wafa ta raka matar ta dawo. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba halinta ba ne.

"Baba, na gyara maka ɗaki a gidana. Yana kallon teku."

"Me zan yi da tekun da ba na gani?"

"Za ka sha iska. Za ka ji jikokinka."

"A ƙasa yake ko a sama?"

"A sama."

"Wato ki ɗora ni a kan kanta kamar tulun da ya tsage."

"Yau takardar tsohuwa ce, Baba. Gobe ta wa? Ni a asibiti nake, na san abin da ɗage aiki ke yi wa mutum." Ta juyo wurina, da ma Ammu take ce mini, wato baffa. "Ammu Mitwalli, ka gaya masa gaskiya mana, kai yake ji."

Gaskiya tana wurinta, amma na san mutumin. In aka raba shi da ƙugin injin nan da gaisuwar masu wucewa, ba zai ga wani hunturun ba.

Shahata ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Ya ce, "Ki ba ni zuwa ƙaramar salla. In kika zo kika tarar da takarda ɗaya a teburin nan wadda ban san mai ita ba, ni da hannuna zan ba ki makulli."

"Ka yi alkawari a gaban Ammu."

"Na yi a gaban wanda ya fi Ammu."

Washegari ya karɓo kwalayen sabulu a kantin maƙwabcinsa. Ya yanka su, ya jera hawa-hawa don ajiye takardu, ya manne da gam, duk da lalube. Da ya gama ya ɗauki babban alƙalami ya rubuta bisimilla a goshin abin, ɓaro-ɓaro yadda shi ma zai hango, kamar dai yadda kowa ke fara aiki. Ya yi kyau, ban ƙi ba. Amma hunturu ne, kuma kwali ba ya jure danshin garinmu, inda ko gishiri a kwano kuka yake yi. Ba a jima ba hawan tsakiya ya yi ciki, na sama ya zauna a kansa. Wata safiya ya buɗe shago ya tarar duk sun rungume juna.

Na ce, "Jefar da shi a sake wani."

"In jefar da me?"

Sai na kalli goshin kwalin. Dariya ta kama ni har na ƙware da shayi. Haka ya ɗauki almakashi ya yanke goshin, ya ɗora shi a kan tsibin.

"Abu Wafa, ka yi abin rage tsibi, ga shi ya ƙara masa tsawo."

"Yi dariyarka, tsohon kifi. Kai dai za ka ɗauki tokarsa."

Na biyun bai rubuta komai a jikinsa ba, a baki ya yi bisimillar. Da kwalayen man girki masu kauri ya yi shi. Shi ma ya sha danshi ya durƙushe. Da muka juya shi za mu fitar, sai na ga sunan mai kamfanin a kowane gefe, Abdul-wani da 'ya'yansa. Na so in yi shiru, amma ba a yi wa Shahata irin wannan shirun. Na gaya masa. Ranar babu wanda ya yi dariya. Ya zauna da almakashi a cinya, ga azumi ya ƙarato, ga tebur ya fi da cika.

Can wani mai kaji ya wuce ta ƙofar shagon da kejinsa a ka. Shahata ya karkata kunne har kukan kajin ya yi nisa.

"Rayyis, kejin nan da kake ɗauka kullum a jirgi, ruwa yana dukansu, ka taɓa ganin wanda ya yi ciki?"

"Ban taɓa ba."

"Akwai rubutu a jikinsu?"

"Kaji ba sa karatu."

"Gobe ka tsallakar da ni wurin Girgis."

Usta Girgis, wato gwanin sana'a, yana tsallaken kogi, cikin gonakin dabino. Shi ke yin kejin kaji da akwatunan tumatir da sandunan reshen dabino. Kirista ne, kuma tare muka koyi iyo mu uku. Muka same shi a ƙasa cikin ɓawon sanduna, Shahata ya kwatanta masa abin da yake so da hannu a iska.

"Wannan ai ba aiki ba ne, Abu Wafa. Zauna ka sha shayi, kafin Rayyis ya je ya dawo na gama maka."

"Ba yi mini za ka yi ba, Usta. Koya mini za ka yi."

"Da wane idon? Ƙarfen huji ba ya tambaya ko sanda ce ko yatsa."

"In kai ka haɗa, zan zama baƙo a gabansa, in riƙa lalube kamar yadda nake yi a tebur. In ni na haɗa, hannuna ya riga ya san ko'ina."

Girgis ya kalle ni, na ɗaga kafaɗa. Ya ce, "Da sunan giciye! Wannan taurin kan tun muna tsirara a bakin ruwa yake fama da shi. To tuɓe takalmi, effendi ɗan ofis, wannan sana'ar da ƙafa ake yinta."

Haka aka fara. Kullum da sassafe, kafin ya buɗe shago, in tsallakar da shi, in dawo in ɗauke shi. Ya zauna a ƙasa, ya danne sanda da babban yatsan ƙafa, ya kafa ƙarfen huji, ya buga da gudumar katako, sannan ya zura siririn sanda ta cikin hudar. A bakin Girgis abin kamar wasa. A hannun Shahata kuwa sanda ta tsage, huda ta kauce, guduma ta sauka inda ba a aike ta ba. Mutumin da duk rayuwarsa bai riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba, sai ga yatsunsa duk a ɗaure da tsumma. Hankalina ya tashi, domin ciwo a jikin mai suga ba ya saurin warkewa. Na ce masa zan kira Wafa.

"Kira ta," in ji shi. "Ni kuma in gaya wa fasinjojinka shekarun injin jirginka."

Ban kira ba. Girgis ne ya samo dabara. Ya sassaƙa masa wata sandar awo mai tsaga-tsaga, in ya kwantar da ita a jikin wadda zai huda, bakin ƙarfen yakan faɗa cikin tsagar da kansa. Wannan Shahata ya karɓa, ya ce kayan aiki ne, ba taimako ba.

Azumi ya kama yana kan aikin. Girgis ya daina dafa shayinsa na safe saboda mu, ko da yake kullum sai ya yi mana gori. "Ni ban ɗauki azuminku ba, amma ga ni ina yi. Wa zai ba ni ladan?" Shahata ya ce, "In an ba ni nawa zan gutsura maka."

Kejin farko da ya haɗa ya fito a karkace, kamar jirgin da aka yi wa lodi gefe ɗaya. Girgis ya ce zai zaunu in an sa masa ɗan katako a ƙafa. Shahata ya shafa shi sama da ƙasa, ya zare sandunan ɗaya bayan ɗaya ya sake daga farko, da ƙishirwa a maƙogwaronsa. Na juya baya ina duba igiyar jirgi, domin ban so Girgis ya ga idona ba.

Na biyun ya tsaya cak. Hawa-hawa ne marasa zurfi, kowanne daidai kwanciyar takarda, iska tana ratsa shi ta ko'ina. Muka ɗora shi a jirgi, Shahata ya rungume shi kamar za a ƙwace. Fasinjoji suka samu abin yi.

"Ammu Shahata, kiwon tattabaru za ka fara?"

"E, irin waɗanda ba sa tashi."

Tun daga ranar unguwa ta sa masa suna kejin Shahata. Ya jingina shi da bango a kan tebur, ya kafa wa kansa doka guda: takarda ba ta kwana a tebur, ba ta ma zama. Tana hannunsa za a yanke mata hukunci. In kwafi ya lalace, nan take zai miƙa wa mai shi ya ce, "Duba mini, akwai sunan Allah?" In akwai, ta hau hawan sama, domin babu abin da za a ɗora a kanta. In babu, ta sauka can ƙasa wurin rabon mai gyaɗa. Wani ya taɓa dubawa ya ce, "Babu, Ammu, sai sunan surukata." Shahata ya ce, "To wannan ta gyaɗa ce, a zuba mai gishiri."

Hawan tsakiya ne suka fi cin tunaninsa, na aikin da za a dawo karɓa. Suna ba zai yi masa amfani ba tunda ba ya karantawa. Sai ya tara ƙananan abubuwa biyu-biyu masu kama da juna. Na kawo masa ƙwanson teku da dalmar taru. Ya buɗe gwangwanin ɗinkin marigayiya Ummu Wafa, wanda bai taɓa buɗewa ba tun rasuwarta, ya zaɓo maɓallai. Ɗaya ya ɗaure a jikin maƙalin shanya ya maƙale takardun mutum da shi, ɗayan ya ba mai takardun ya tafi da shi. In ka dawo ka sa masa a tafin hannu, ya murza, ya bi maƙalan da yatsa har ya samu ɗan'uwansa. Wanda ya tashi fita kuwa sai Shahata ya shafa gilashin inji tukuna, don kada a sake barin ta asali. Akwai ranar da abubuwan suka ƙare masa ya ba wani dabino, mutumin ya buɗe baki da shi da magariba, ya dawo masa da ƙwallon. Daga ranar ya daina ba da abin da ke ciwuwa.

Saura tsohon tsibin, kuma wannan babu dabarar da za ta tace shi sai ido. Wata la'asar ya daɗe yana gyaran murya kafin ya ce, "Rayyis, karatun nan naka na rarrafe. Sunan Allah dai ka san shi?"

"Ko daga nesa."

"To zauna."

Muka kwashe sauran azumin a kai, daga la'asar zuwa kusan shan ruwa. Ni in duba in ce sama ko ƙasa, shi ya ajiye. Takardun asali da muka tsinta ya sa aka yi cigiyar masu su a masallaci. Tukunyar ƙasa ba ta huce ba, mai gyaɗa har ya ce a dakata masa haka. Ranar da katakon teburin ya bayyana, Shahata ya shimfiɗa tafukansa a kai yana shafawa, kamar fuskar wanda ya daɗe a tafiya.

Wafa ba ta jira salla ba. Ana saura kwanaki ta iso da safe, ta same ni a mashigi, ta ce, "Ammu, kada ka gaya masa. In ya san ina nan zai yi mini kwalliya. So nake in ga ranar da ba ta baƙi ba." Muka je tare. Ta zauna a benci a waje cikin masu jira, ni na shiga na tsaya a lungu.

Shago ya cika, kowa yana so ya gama kafin hutun salla. Inji yana ƙugi, hannun Shahata yana hawa yana sauka a jikin kejin, tebur fayau. Sai wani magidanci ya shigo ya sa masa marfin kwalba a hannu. Shahata ya murza, ya bi maƙalai, ya zaro takardu ya miƙa. Mutumin ya duba ya ce da ƙarfi, "Waɗannan ba nawa ba ne, Ammu."

Na ji kamar jirgi ya daki dutse. Ta gefen ido na ga Wafa ta miƙe tsaye.

Shahata ya karɓi takardun ya mayar inda ya ɗauko su, ba gaggawa. Ya sake murza marfin, ya kai shi hanci.

"Kuskurena ne, na yi sauri. Amma kai ma, ɗan'uwa, wannan ba marfina ba ne. Wanda na ba ka na huda shi a tsakiya. Wannan sabo ne, har ƙanshin lemo yake yi. A tsakiyar azumi!"

"Wallahi na shan ruwan jiya ne!"

"Allah ya sani, ni ban ce komai ba. Duba ɗaya aljihun."

Shago ya kwashe da dariya. Mutumin ya lalubo mai hudar, Shahata ya bi maƙalai ya ba shi nasa, ya duba ya ce su ne. Yana fita Shahata ya juya fuska wajen ƙofa.

"Wafa, in kin gama leƙen asirin, shigo ki duba tebur."

"Wa ya gaya maka? Ammu ne?"

"Sabulun asibitinku ne. Tun safe yake gaishe ni."

Ta shigo. Ta shafa teburin, ta leƙa ƙarƙashinsa, ta ja aljihunsa. Ta taɓa wani maƙali ta tambaye shi na wa ne, ya faɗa. Ta taɓa wani, ya faɗa. Da ta zo kan wani maɓalli mai ruwan zuma sai ta tsaya, domin ta gane rigar mahaifiyarta da ya fito daga jikinta. Shahata ya ciro makulli daga aljihu ya miƙa mata a tafin hannu.

"Kin ga na yi kuskure a gabanki. Alkawari alkawari ne. Ke za ki yanke."

Ba makullin ta kalla ba, yatsun ta kalla. Ta kama su tana juyawa ɗaya bayan ɗaya, duk tabo, wani bai gama rufewa ba.

"Baba, mai suga ne kai! Ka san abin da wannan zai iya zama? Ammu Mitwalli, kana gani ka yi shiru?"

"Barazana ya yi mini, 'yata."

Tana faɗa hawaye na zuba a kan hannun nasa. Sannan ta naɗe masa yatsun a kan makullin ta tura masa. "Mayar aljihunka. Amma za a riƙa duba hannun nan, kuma ka bar zuba suga a shayi in ka ga babu kowa." Ta share fuska ta sake kallon kejin. "Teburinmu na asibiti ya fi naka na da muni. In hannun ya warke, ka yi mini ƙarami."

Ya juya yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Ya ci sallarsa a garinsa. Ya yi bazara a shagonsa, da ƙugin injinsa da masu leƙowa su tsokane shi. Ummu Ragab, da aka yi mata aikin ta warke, ta aiko masa da cukwi daga ƙauye, ya ce wannan ya fi masa takardar yabo. Kejin Wafa kuwa ya ƙi farawa sai an sare sababbin rassa bayan an sauke dabino, wai ba zai yi wa 'yarsa da tsohuwar sanda ba. Da lokacin ya yi Girgis ya zaɓo masa masu kyau na tsallako da su.

Ranar Juma'arsa ta ƙarshe a duniya na je karɓar toka. Na same shi a ƙasa a bayan shago, ba takalmi, sanduna a gabansa, kejin Wafa ya tashi har ya kusa kai. Numfashinsa yana fita da nauyi. Na tambaye shi, ya ce waken safe ne ya zauna masa.

"Ajiye gwangwanin nan, Rayyis. Zo riƙe mini nan."

Na durƙusa na riƙe.

"Yana rawa."

"Hannuna ne ke rawa, Abu Wafa, ba sandar ba."

"To mun zama mu biyu."

Ya kafa ƙarfe ya buga, ya zura sanda, ta shige daidai. Ya zauna yana mayar da numfashi. Na ce ya bari ya huta, ai Wafa ba ta sa masa rana ba.

"Ita ba ta sa ba," in ji shi. "Saura hawan sama. Sai na ƙara masa zurfi, ka san asibiti ne, a can mutane sun fi kiran Allah."

Daga mashigi aka fara ƙwala mini kira, fasinjoji sun taru. Na ɗauki gwangwanin na miƙe, gwiwoyina suna ƙara.

"Tafi, tsohon kifi, kada su ce ni na riƙe ka."

"Gobe in zo in riƙe maka?"

"Ka zo. Amma ka bar rawar a jirgi."